Azurfar da wuta ta kasa tausasawa

Akwai ƙa'ida guda da kowane yaron maƙeran fari yake koya tun kafin a yarda ya riƙe masaba, wato idan azurfa ta sha duka har ta yi tauri ta fara gardama, sai a mayar da ita cikin gawayi, a zuga har ta yi ja-ja, a fito da ita, nan take ta koma laushi kamar ba a taɓa dukanta ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina sana'ar baki ɗaya, domin da ita ake jan waya, da ita ake lanƙwasa awarwaro da zobe, kuma ban taɓa jin wani maƙeri a Sakkwato ya yi shakkarta ba. Ni ma da na yi shekaru ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare ban yi shakkarta ba, sai ranar da na kai wa kawuna wasu 'yan siraran ƙarafa da na ciro daga cikin wata tsohuwar na'urar sadarwa da aka yi gwanjonta.

Kawun nawa ƙanen mahaifiyata ne, kuma ƙirar azurfa gado ce a gidansu. Ƙarafan da na kai masa farare ne, kaurinsu bai kai na farce ba, an ciro su ne daga irin makunnin nan mai buɗewa da rufewa da kansa wanda masu gyaran lantarki ke kira rile, kuma takardar da ta zo da na'urar ta nuna cewa azurfa ce da ɗan wasu ƙarafa biyu, magneziyam da nikel, a ciki. Ya juya su a tafin hannu, ya goga ɗaya a kan dutse, ya yarda cewa launin na azurfa ne. Sai ya sa ta a wuta kamar yadda ya saba, ya fito da ita, ya kama da awartaki ya tanƙwara, ita kuwa ta miƙe ta koma yadda take. Ya sake mayar da ita, ya ƙara zuga, abin bai canza ba. A karo na uku ya ɗora ta a kan uwar maƙera ya sauke mata masaba, sai ta tsage gida biyu.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wagga aba ba azurfa ba ta, an dai yi maka wayo."

Na ce, "Kawu, azurfa ce, har ma ta fi wadda kuke aiki da ita tsarki."

Ya ce, "To in azurfa ta, mi ya hana ta jin wuta?"

A ranar ban ba shi amsar da ta gamsar da ni ba, balle shi. Na dai ce masa wuta ta riga ta gama aikinta a cikin ƙarfen tun a masana'anta, ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Daga baya ne na zauna na bi maganar daki-daki, na gane cewa amsar tana komawa ga wata ɗabi'a ta azurfa wadda kawu ya fi ni saninta a aikace, sunanta ne kawai bai sani ba.

Ɗabi'ar ita ce azurfa tana barin iskar oksijin ta ratsa ta. Baƙin ƙarfe idan ya gamu da oksijin, tsatsa yake yi a bayansa, ta yi ɓawo tana zuba. Azurfa kuwa ba ta iya riƙe tsatsa a wuta, domin haɗin da take yi da oksijin yana wargajewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka a zafin maƙera bayanta yana nan fes, babu wani ɓawo da zai tare hanya. (Baƙin da ake gani a jikin tsohuwar munduwa aikin farar wuta ne da ke cikin iska da gumi, ba shi da alaƙa da wannan magana.) Tun da hanya a buɗe take, ƙwayoyin zarra na oksijin, wato ƙwayoyinta mafi ƙanƙanta, suna shiga cikin ƙarfen, suna bi ta 'yan sararin da ke tsakanin zarrar azurfa, kuma suna tafiya da saurin da ba a cika samun irinsa a sauran ƙarafa ba. Idan azurfar ta narke, wanda ke faruwa a digiri 962, tana iya shanye oksijin da ya ninka girmanta wajen sau 20, sannan idan ta zo daskarewa ta tofar da shi, saman ya yi ƙuraje yana fantsama. Duk maƙerin da ya taɓa narka azurfa tsantsa ya ga wannan tofi, shi ya sa suke rufe saman narkakken ƙarfen da garin gawayi, domin gawayin ya cinye iskar kafin ta shiga.

Magneziyam kuma halinsa kishiyar na azurfa ne. Wanda ya yi karatun kimiyya a sakandare zai tuna siririn zaren nan da malami yake kunnawa ya yi wani farin haske mai kashe ido, ya bar farar toka. Tokar nan ita ce haɗin magneziyam da oksijin, kuma tana cikin haɗe-haɗen da suka fi wuyar rabawa, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2800, alhali shi magneziyam ɗin kansa yana narkewa a 650. To idan aka narka ɗan magneziyam kaɗan a cikin azurfa, zarrarsa tana bazuwa ɗaya-ɗaya a cikin ƙarfen kamar gishiri a cikin miya, kuma gamin yana nan da laushinsa, ana iya murza shi, a yanka, a lanƙwasa yadda ake so. Sai an sa shi a tanderu mai iska, a zafin da ya kai wajen digiri 700, sannan labari yake canzawa. Oksijin ya shiga ta baya yana nutsawa, duk zarrar magneziyam da ya tarar a hanya sai su haɗu nan take a inda take, su zama ƙwayar toka a tsakiyar ƙarfe. Wannan shi ne abin da nake kira tsatsar ciki, domin tsatsa ce ta gaske, sai dai a cikin jiki take yi, bayan ƙarfen kuwa yana nan da ƙyallinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar adadin. Gamin da ake yi wa irin waɗannan makunnai yana ɗauke da magneziyam wajen kashi 0.25 cikin 100 na nauyi, da nikel kusan haka, sauran duk azurfa ce. Na zauna na yi lissafin da kaina: a cikin kilo ɗaya akwai giram 2.5 na magneziyam, wanda zai sha oksijin wajen giram 1.6, su ba da toka giram 4 da ɗan ɗoriya. Idan aka ƙirga da zarra, tun da magneziyam ya fi azurfa sauƙi ninki huɗu da wani abu, za a samu kusan zarra ɗaya a cikin kowace 90. Ƙarin nauyin nan na giram 1.6 ma'auni yana iya kama shi, kuma da shi masu bincike suke bin yadda aikin ke tafiya, idan nauyi ya daina ƙaruwa sun san magneziyam ya ƙare.

Yadda 'yar wannan toka take taurara ƙarfe yana buƙatar a san yadda ƙarfe yake lanƙwasa tun farko. Zarrar azurfa a jere take sahu-sahu, kuma idan aka tanƙwara ta, sahun ba ya zamewa gaba ɗaya a lokaci guda. Akwai wuraren da jerin ya goce, su ne suke tafiya a cikin ƙarfen kaɗan-kaɗan, kamar yadda mai son gyara shimfiɗar babbar darduma yake tura ƙundumin da ya taso daga wannan gefe zuwa wancan maimakon ya ja dardumar duka. Masana uku ne suka kawo wannan bayani a 1934, kowa da nasa aikin, wato Taylor da Polanyi da Orowan. Dukan masaba yana yawaita waɗannan gocewa har su sarƙe da juna su kasa motsi, shi ne taurin da kawu ya sani, wuta kuma tana ba zarra damar sake jeri, sarƙewar ta warware, laushi ya dawo. Amma idan an barbaɗa ƙwayoyin toka masu tauri a ko'ina cikin ƙarfen, kowace girmanta bai wuce 'yan nanomita ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), to gocewar ba ta da hanyar wucewa sai ta lanƙwasa ta kewaye kowace ƙwaya, kuma gwargwadon kusancin ƙwayoyin da juna gwargwadon ƙarfin da ake buƙata. Orowan ne ya fayyace wannan a 1948. Wutar kawu tana iya warware sarƙewa, amma ba ta da abin da za ta yi wa tokar da sai a digiri 2800 take narkewa, kuma tokar ba ta komawa cikin azurfa ta narke. Taurin nan idan ya shiga ya shiga ke nan, muddin ƙarfen bai zama ruwa ba.

Saboda haka tsarin aikin masana'anta ya juya wa na maƙera baya. Maƙeri yana sa wuta domin ya samu damar ci gaba da ƙira, mai wannan gami kuwa dole ya gama ƙirarsa tsaf, ya yanke, ya huda, ya ba abin siffarsa ta ƙarshe, sannan ya kai tanderu, domin bayan nan babu gyara. Wani abin sha'awa kuma shi ne cewa ƙarfen yana ƙara iya ɗaukar lantarki bayan ya taurara, saboda zarrar magneziyam da take warwatse tana tare wa lantarki hanya ta fita daga jerin azurfa ta dunƙule wuri ɗaya. Ga mai ƙera makunni babu abin da ya fi wannan, ya samu abu mai tsalle kamar ƙarfen sifirin, mai ɗaukar wuta sosai, wanda kuma zafin walda ba ya kashe masa ƙarfi.

Sanin wannan hanya ba sabo ba ne. A 1940 wani masani a Amurka mai suna Rhines ya yi nazari mai faɗi a kan tsatsar ciki a gamin jan ƙarfe, sannan a 1947 Meijering da Druyvesteyn, waɗanda ke aiki a ɗakin binciken kamfanin Philips a ƙasar Holan, suka nuna cewa ana iya taurara ƙarfe da ita da gangan, kuma azurfa mai magneziyam tana cikin abubuwan da suka gwada. Wanda ya ɗora lissafin a kan ginshiƙi shi ne Bajamushen nan Carl Wagner a 1959. Abin da lissafinsa ya nuna mai sauƙin faɗa ne amma mai tsada ga masana'anta: zurfin da tsatsar take kaiwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci, domin duk sa'ad da ta ƙara nutsawa, sabon oksijin sai ya ratsa duk inda aka riga aka gama kafin ya isa bakin aiki. Idan aka ninka kauri sau 2, lokaci yana ninkuwa sau 4. A ƙaddara cewa wani falle yana buƙatar awa 1, to wanda ya ninka shi kauri sau 4 zai ci awa 16, wanda ya ninka shi sau 10 kuwa awa 100. Wannan ne dalilin da ya sa duk abin da za ka gani an yi da wannan gami siriri ne, falle ko waya, ba za ka ga an yi curi da shi ba. Ana iya rage lokacin da ƙarin zafi, ko da sa oksijin tsantsa a madadin iskar da muke shaƙa, wadda kashi 21 cikin 100 ne kawai nata oksijin, sai dai ribar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, domin ninka oksijin kusan sau 5 yana ƙara wanda ke narkewa a cikin azurfa ne ninki 2 da ɗan kaɗan. Shi kuma ƙarin zafi yana da nasa farashi, tun da ƙwayoyin suna fitowa manya-manya da tazara a tsakaninsu, taurin ya ragu.

Mai karatu zai iya cewa, tun da kaɗan ya yi wannan aiki, a ƙara magneziyam mana a samu tauri ninki. A nan ne abin yake da daɗin nazari. Yayin da oksijin yake shiga, shi ma magneziyam yana fitowa daga ciki yana tarbarsa, sai dai tafiyarsa ta yi ƙasa da ta oksijin nesa ba kusa ba, shi ya sa ake cim masa a gida. Idan ya yi yawa, tokar da ke taruwa a bakin aikin tana cunkushewa har ta zama katanga, oksijin ya kasa wucewa, magneziyam ya riƙa zuwa yana ƙara mata kauri. Wani masani mai suna Douglass da abokan aikinsa sun bayyana a 1992 yadda irin wannan toka take yin ɗamara-ɗamara a cikin azurfa mai magneziyam da yawa. Tun kafin nan, a 1961, wani masanin, Robert Rapp, ya auna wannan juyi a gamin azurfa da wani ƙarfe mai suna indiyam, ya samu cewa idan tokar ta kai wajen kashi 30 cikin 100 na girman wurin, tsatsar takan bar ciki ta koma ɓawo a waje. A ganina wannan shi ne darasi mafi faɗi a cikin maganar, domin a kan wannan iyaka aka gina ƙarfen nan da ba ya tsatsa wanda ake yin cokula da tukwane da shi, inda ake zuba kuromiyam da bai gaza kashi 10.5 cikin 100 ba domin ya yi ɓawo siriri a waje ya kare ciki. Mai tukunya yana so ya haye iyakar, mai makunni yana so ya tsaya can ƙasa da ita.

Tsagewar da ƙarfen ya yi a ƙarƙashin masabar kawu ma tana da bayani. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne, tarin ƙananan gutsattsari ne da suka manne da juna, kowane da inda jerinsa ya fuskanta, kuma toka tana son taruwa a kan iyakokinsu. Ga shi kuma tokar tana neman wurin da ya fi wanda aka ba ta, tana matsa azurfar da ke kewaye, har a wasu gamin akan ga 'yan ƙurajen azurfa tsantsa sun bullo a bayan ƙarfe saboda matsin ciki. Idan gutsattsarin manya ne, tsaga tana samun doguwar hanya miƙaƙƙiya ta bi. Amfanin nikel ke nan: kusan ba ya narkewa a cikin azurfa, yana zama ne a matsayin 'yan ƙwayoyi da ke hana gutsattsarin girma a lokacin gashi, sai ƙarfen ya rage gautsi. Ya rage ne kawai, bai rabu da shi ba, kuma abin da aka yi domin ya yi tsalle sau miliyoyi a cikin na'ura ba a yi shi domin ya sha masaba ba.

Da na koma wurin kawu da wannan bayani, abin da ya fi kama hankalinsa shi ne da na ce masa shi ma yana yin tsatsar ciki kullum ba da son ransa ba. Azurfar da maƙera ke aiki da ita tana da jan ƙarfe a ciki, wadda ake buga wa lamba 925 tana da kashi 7.5 cikin 100, tsohuwar tsabar Mariya Teresa mai ɗauke da shekarar 1780, wadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna narkawa, azurfarta kashi 83.3 ce kawai. Idan aka daɗe da irin wannan a wuta mai iska, oksijin yana shiga ya kama jan ƙarfen da ke ƙarƙashin fata, sai bayan an gama gogewa a ga wani dishi-dishin tabo mai duhu kamar inuwa a jikin abin. Jiƙawa a ruwan tsami tana cire baƙin da ke waje, amma wannan tabo yana ciki, sai an kankare fatar ko a rufe ta da wani rufin. Kawu ya ce ya san shi sarai, kuma tun yana yaro mahaifinsa yake yi masa faɗa idan ya bar aiki a bakin iskar zuga-zugi maimakon ya binne shi a cikin gawayi. Faɗan nan daidai yake da abin da ke cikin littattafai, domin a tsakiyar gawayi oksijin ya riga ya ƙone. Bambancin kawai shi ne tokar jan ƙarfe tana fitowa da girma, tana ɓata launi ba tare da ta ba da wani taurin kirki ba, ta magneziyam kuwa ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganinta.

Wannan gami ya sake samun kasuwa ta inda ba a zata ba. A 1988 Hiroshi Maeda da abokan aikinsa a Japan suka gano wani haɗi mai bismut da jan ƙarfe da oksijin wanda yake ɗaukar lantarki ba tare da wata turjiya ba idan an sanyaya shi, kuma wani nau'insa yana yin haka tun daga wajen digiri 163 ƙasa da sifiri, sanyin da ruwan naitirojin yake bayarwa cikin sauƙi tun da shi yana tafasa ne a 196 ƙasa da sifiri. Matsalar ita ce haɗin kamar fasasshen tangaran yake, ba ya jawuwa ya zama waya. Dabarar da aka yi ita ce a ɗura garinsa a cikin bututun azurfa, a ja, a murza, sannan a gasa a zafin da ya haura digiri 800. An zaɓi azurfa ne saboda ba ta ɓata garin, kuma tana barin oksijin ya shiga ya fita, abin da garin yake buƙata kafin ya zama abin da ake so. Amma azurfa tsantsa bayan irin wannan gashi laushinta ya yi yawa, ba ta iya tallafar abin da ke cikinta idan an naɗe wayar a cikin babban maganaɗisu. Sai aka riƙa yin rigar waje da azurfa mai ɗan magneziyam, ta yadda gashin da ke dafa garin shi ne kuma yake taurara rigar. A makunnan lantarki masu ɗaukar wuta mai yawa ma ana amfani da tsatsar ciki, da kadmiyam a da, yanzu kuma an fi komawa ga kuza saboda gubar kadmiyam.

Sauran ƙarafan da na kai, kawu bai yarda sun tafi a banza ba. Ya tara su a kasko, ya barbaɗa garin da suke sawa domin ya kwashe dauɗa, ya rufe da gawayi, ya sa yaro ya zuga har suka zama ruwa. Da azurfar ta narke, babu sauran jerin da zai riƙe tokar, kuma da yake nauyinta bai kai rabin na azurfa ba, sai ta rabu ta bi dauɗar da ke sama. Abin da ya zuba ya fito fari tas, ya daddana shi da masaba ya ga yana bajewa kamar dalma, ya ce wannan ba za ta yi zobe ba sai an ƙara mata jan ƙarfe, ya aiki yaron ya ɗauko guntun wayar lantarki a cikin akwati.